Fashin Baƙi: Me Ke Cinye Kuɗi Idan Za a Ɗauki Keke Mai Ƙafa Ɗaya a Jirgi Daga Legas?

Tambayar da ta hana majalisarmu ta Agege tashi da wuri a daren Juma'ar nan ita ce: yaya za a yi abin da ɗan shekara goma zai ɗaga da hannu ɗaya ya ci kuɗin kaya a jirgi har ya girgiza lissafin tafiya? Akwai wani yaro ɗan unguwa da ke tsaron shagon kawunsa. Ya koyi hawan keke mai ƙafa ɗaya a wurin abokansa Yarabawa, ya kuma ƙware har ana gayyatarsa wasa a wuraren biki. Yanzu yana son zuwa taron masu wannan hawa na duniya, mutanen unguwa kuma sun fara haɗa masa gudummawa. Da ajan ɗin tikiti ya turo lissafi, sai wani dattijo ya dube shi ya ce, "Kai yaro, kekenka ɗin nan na ɗaga shi ɗazu, bai kai nauyin jarkar manja ba. Kuɗin me za su caje ka a kansa?" Yaron ya ce, "Baba, wallahi ni ma haka aka gaya mini." Daga nan zargi ya koma kan ajan, wasu na cewa da walakin goro a miya.

Ban ga alamar cuta a lissafin ba. Abin da na gani shi ne yawancinmu mun ɗauka sikeli ne kaɗai ke magana a filin jirgi, alhali akwai wani awo na biyu da ya fi shi tsanani ga irin wannan kaya, kuma farashin tikitin kansa yana da dalilan da ba su da alaƙa da keken ko kaɗan.

Wane taro ne ake magana a kai?

Sunansa Unicon. Ƙungiyar masu hawan keke mai ƙafa ɗaya ta duniya, IUF, ita ke kula da shi, kuma an fara yin sa ne a 1984 a garin Syracuse na jihar New York a Amurka. Bisa al'ada ana yin sa duk bayan shekara biyu, yana zagayawa daga ƙasa zuwa ƙasa: Montreal ta Kanada a 2014, San Sebastian ta Sifen a 2016, Ansan ta Koriya ta Kudu a 2018, Grenoble ta Faransa a 2022 bayan annobar korona ta ɗage shi, sai Bemidji ta jihar Minnesota a Amurka a 2024. Dukkansu wurare ne da ɗan Legas ba zai isa ba sai ta sama, kuma kusan kullum taron kan faɗo ne a Yuli zuwa Agusta. A riƙe wannan, domin zai dawo a lissafi.

Abin da ya shafi kaya shi ne ba gasa ɗaya ake yi ba. Akwai wasan gwaninta mai kama da rawa, wanda aka fi yi da ƙaramar ƙafa mai inci 20. Akwai tseren fili, inda ma'aunin da aka saba shi ne inci 24. Akwai hawan duwatsu da gangarowa da taya mai kauri, akwai ƙwallon kwando da hoki a kan keke, sannan akwai tseren kilomita 10 da na dogon zango mai kilomita 42, inda masu neman gudu ke hawan ƙatuwar ƙafa mai inci 36. Saboda haka mai son shiga wasanni da yawa ba keke ɗaya zai ɗauka ba. Yaronmu uku yake son tafiya da su: 20, 24, da wata 36 da wani abokinsa zai ara masa.

Kujera ɗaya, farashi iri-iri

Mutum biyu kan zauna kafaɗa da kafaɗa a jirgi ɗaya daga Ikeja, ɗaya ya biya ninkin abin da ɗayan ya biya. Kamfanonin jirgi suna raba kujerun talakawa gida-gida a cikin kwamfutarsu, kowane gida da farashinsa da sharuɗɗansa. Gida mafi araha kujerunsa kaɗan ne, shi ake fara sayewa. Idan ya ƙare sai a buɗe na sama da shi, a haka har ranar tashi. Shi ya sa wanda ya tambayi farashi yau ya koma bayan mako uku da kuɗin a hannu yakan tarar an wuce wurin, ya yi zaton ajan ne ya ƙara. Ga masu haɗa gudummawa wannan ita ce babbar illa: kuɗin na taruwa a hankali, farashin kuma ba ya jira.

Yuli da Agusta kuwa su ne lokacin da jirage suka fi cika tsakanin Legas da Turai da Amurka. Makarantu sun yi dogon hutu, 'yan Najeriya mazauna waje suna zuwa gida da iyalansu suna komawa, ɗalibai masu karatu a waje suna shirin tafiya. Gidajen araha sukan ƙare da wuri.

Sannan ba duk abin da ke kan tikiti ne ke shiga aljihun kamfanin ba. Hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, tana karɓar kashi 5 cikin 100 na kuɗin tikiti. Hukumar filayen jiragen sama, FAAN, tana da nata kuɗin hidimar fasinja, wanda a 2020 aka ninka shi daga dala 50 zuwa dala 100 ga mai fita ƙasashen waje. Filin jirgin da za ka sauka, da wanda za ka yada zango, kowanne na da nasa. Ga kuma kuɗin man jirgi da kamfanoni ke ɗorawa daban. Duk wanda ya karɓi takardar tikiti ya nemi a nuna masa wurin da aka rarrabe waɗannan, a rubuce suke.

Dala, da kuɗin da suka maƙale

Wannan ɓangaren ba sai an yi wa Bahaushen Legas dogon bayani ba, domin 'yan'uwanmu 'yan canji ne suka fi kowa sanin sa. Tikitin ƙasashen waje da dala ake lissafa shi, sai a juya zuwa naira. Kafin Yunin 2023 farashin gwamnati yana wajen naira 460 kan dala ɗaya. Da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, cikin 2024 dala ta haura naira 1,500. Ke nan tikitin dala 1,000, wanda bai ƙaru da ko sisi ba a wurin kamfani, ya tashi daga naira 460,000 zuwa miliyan ɗaya da rabi. Dattijon da ke tuna abin da ya biya shekarun baya yana da gaskiya a tunaninsa, nairar ce ba ta nan yadda ya bar ta.

Akwai kuma wata matsala da ta riga wannan. Kamfanonin waje suna sayar da tikiti da naira, amma suna buƙatar dala su kai kuɗinsu gida, Babban Banki kuma bai iya ba su ba. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ce kuɗin da suka maƙale a Najeriya sun kai dala miliyan 850 a tsakiyar 2023. Martanin kamfanonin shi ne rufe gidajen araha ga masu saye daga Najeriya, Emirates ma ta dakatar da zuwa gaba ɗaya a ƙarshen 2022, ba ta dawo Legas ba sai 1 ga Oktoban 2024. An biya mafi yawan kuɗin a 2024, gidajen araha suka fara buɗewa, sannan shigar Air Peace hanyar Legas zuwa Landan a ƙarshen Maris na shekarar ta tilasta wa sauran sassauta farashi a wannan hanya. An samu sauƙi, amma sauƙin bai mayar da naira inda take ba.

Lamba 158

Nan ne zuciyar maganar keken. Ƙa'idar da yawancin manyan kamfanoni ke bi ga akwatin da ake sakawa a cikin jirgi tana da fuska biyu. Ta farko kowa ya san ta: kilo 23 ga kowane akwati a kujerar talakawa, kuma ko da ka yarda ka biya ƙari, ba a karɓar ƙunshi ɗaya da ya wuce kilo 32, saboda mutane ne ke ɗaga shi da hannu. Ta biyu ita ce wadda ba a cika magana a kanta ba: idan aka haɗa tsawo da faɗi da kaurin akwatin, kada jimillar ta wuce santimita 158. Abin da ya wuce haka ya zama kaya mai girman da ya wuce kima, yana da nasa caji daban, ko da nauyinsa kilo biyar ne.

Washegari na je shagon da tef ɗin awo da na aro wurin telan da ke maƙwabtaka da su. Muka kwantar da kekunan a kan tabarma a bakin shago. Ƙaramar, mai inci 20, faɗin ƙafarta ya kama santimita 51. Ƙafa zagayayya ce, tsawonta da faɗinta ɗaya ne, don haka 51 sau biyu, 102 ke nan, an bar maka 56 na kauri. Wannan za ta shige babban akwati a rufe. Mai inci 24 ta ba mu 61, sau biyu 122, saura 36. Za ta shiga idan an yanka mata kwali daidai jikinta. Da muka zo kan mai inci 36, yaron ya riƙe bakin tef ɗin a gefe ɗaya, na ja zuwa ɗaya gefen, ya tsaya a 91. Sau biyu 182. Tun ba a saka kauri ba, tun ba a naɗe ta da komai ba, ta riga ta zarce 158 da santimita 24. Kawun nasa da ke zaune a kan benci ya ce, "To a sace mata iska mana." Sace iska ba ya rage ƙarfen da taya ke zaune a kai, shi kuma ba ya lanƙwasuwa. Ko mai inci 29 ma, wadda ake hawan duwatsu da ita, tana cin kusan 148, abin da ya rage bai isa kaurin cibiyarta ba.

Ga amsar tambayar Baba ke nan. Cajin da ajan ya rubuta na girman ƙafar nan guda ɗaya ne, kuma sau biyu za a biya shi, zuwa da dawowa. Ga shi kuma ita ce ƙunshi na uku, alhali tikitin da aka duba akwati biyu ya bayar.

Kamfanonin suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Cikin jirgi wuri ne ƙayyadadde, ana jera akwatuna ne kamar bulo, kuma abu mai faɗi marar kauri yana ɓata jeri. Ba ya bin bel ɗin da ke jan kaya, sai an ɗauke shi da hannu ta wata ƙofa daban. Masu hawa kuma suna da tasu: abin da bai kai rabin nauyin da aka yarje wa kowa ba, me zai sa a caje shi kamar babban keke mai ƙafa biyu? Ni ina ganin ƙorafin masu hawa yana da ƙarfi, musamman da yake wasu kamfanoni sun nuna ana iya sassautawa. A 2019 American Airlines da Delta sun soke cajin musamman na dala 150 da suke ɗorawa kekuna, suka mayar da su cikin lissafin kaya na yau da kullum muddin ba su wuce nauyi ba, tare da ba kayan wasanni ƙarin girma. Delta kuwa tana tashi daga Legas. Wannan na nufin ƙafa ɗaya mai inci 36 tana iya wucewa salin-alin a wani kamfani, ta ci kuɗi mai yawa a wani. Don haka tikitin da ya fi araha a fuska ba lallai shi ne mafi araha ba idan an haɗa da kaya. Akwai ma tikitin da arahar tasa ta samo asali ne daga rage yawan akwati ko cire shi gaba ɗaya.

"Mene ne a ciki?"

A gaban kanta, ma'aikacin jirgi zai tambayi abin da ke cikin kwali. Kalmar "keke" tana iya jan hankalinsa zuwa shafin dokar keke mai ƙafa biyu, mai nata sharuɗɗa, wani lokaci har da sanarwa tun kafin ranar tafiya. Saboda haka masu hawa a ƙasashen waje sun daɗe suna muhawara a kan abin da ya kamata a ce, wasu na cewa a kira shi kayan wasan nishaɗi. Ban goyi bayan a yi ƙarya ba. Na'urar duba kaya za ta nuna abin da ke ciki, kuma ɗan Najeriya mai koren fasfo ba shi da rarar amana da zai yi wasa da ita a filin jirgin waje. Gaskiyar ma ta wadatar: ƙafar keke ce guda ɗaya da sassanta, a kwance, cikin awo da nauyin da tikiti ya yarda. Abin da ya fi kare mutum shi ne a rubuta wa kamfani tun da wuri, a faɗi awon ƙunshin da nauyinsa, a samu amsa a rubuce, a buga ta a takarda a riƙe a hannu. Na taɓa tsayawa a irin wannan kanta da kwalin da aka tabbatar mini ta waya cewa ba matsala, na biya kuɗin da ban shirya ba, domin ba ni da abin nunawa sai "an gaya mini".

Kwance keken ba wuya, mai gyaran keke na bakin titi zai iya. A cire sirdi da sandarsa. A cire feda biyu, tare da tuna cewa ta hagu a juye take kwancewa, wanda bai sani ba yakan ƙara ɗaure ta har ya lalata zaren. Kusoshi huɗu ne ke riƙe ƙarfen jiki da cibiyar ƙafa, a kwance su a ɗaure cikin leda a manna a jikin ƙarfen don kada su ɓace. A rage iskar taya, domin kamfanoni da yawa suna buƙatar haka, amma a bar kaɗan ta kare bakin ƙarfe daga bugu. Sifana da famfo su shiga cikin kayan da za a auna, idan aka sa su a jakar hannu jami'an tsaro na iya karɓe su. Tufafin tafiya kuwa su ne mafi kyawun abin cusawa tsakanin wayoyin ƙafar. Kada a yi tunanin jakar Ghana-must-go: ba ta kare komai daga matsi, wasu kamfanoni ma sun daina karɓar ta.

Zango, da tikiti biyu

Garuruwan da ake yin taron sau da yawa ba manyan birane ba ne. Mai zuwa Grenoble yakan sauka a Lyon ko Geneva ya ƙarasa ta ƙasa. Mai zuwa Bemidji yakan bi ta Minneapolis, sannan ya shiga ƙaramin jirgi ko mota. Ƙaramin jirgi ƙofar kayansa ƙarama ce, kuma yana iya ƙin abin da babba ya ɗauka.

Wasu kan yi dabarar sayen tikiti biyu daban, ɗaya daga Legas zuwa babban birni, ɗaya na kamfanin araha zuwa gaba. Ga mai jakar baya kaɗai dabarar kan yi aiki. Ga mai kwalaye tana nufin karɓar kaya a tsakiya, sake aunawa, sake biya bisa dokar wani kamfani, kuma idan jirgin farko ya makara babu wanda ke da alhakin na biyu. Ga kuma biza: ta ƙasashen Schengen (rukunin ƙasashen Turai masu biza ɗaya) Yuro 90 ce tun Yunin 2024, ta ziyarar Amurka dala 185, ba a mayar da su idan an hana. Najeriya tana cikin jerin ƙasashen da ake nema wa bizar yada zango ko da mutum ba zai fita daga filin jirgin Turai ba, sai dai idan yana riƙe da wata biza da ta ɗauke masa wannan. Dole a duba hanyar tafiya da wannan ido kafin a biya.

Mai batir ba ya cikin wannan lissafi

Wani a majalisa ya kawo maganar keke mai ƙafa ɗaya mai amfani da lantarki, irin wanda ake tsayawa a kai ba feda. Wannan ba batun caji ba ne, haramci ne. Dokar batirin litiyam a jirgin fasinja ta yarda da wanda ƙarfinsa bai wuce wat-awa (Wh) 100 ba a jakar hannu, daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfani, abin da ya wuce 160 ba ya shiga ko a hannu ko a cikin kaya, saboda haɗarin gobara. Batirin irin wannan keke kuwa yakan ninka iyakar sau da yawa.

Idan ya iso a lanƙwashe

Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda Najeriya ke ciki, ita ce ta ƙayyade alhakin kamfani kan kayan da suka ɓace ko suka lalace a tafiyar ƙasa da ƙasa. Iyakar diyya tun ƙarshen Disamban 2024 tana wajen dala 2,000 ga kowane fasinja, ba ga kowane akwati ba, kuma iyaka ce, sai mutum ya nuna abin da ya yi asara. Wa'adin kai ƙorafi a rubuce kwana 7 ne ga kayan da suka lalace, kwana 21 ga waɗanda suka makara. Don haka a ɗauki hoton keken kafin a rufe kwali, a adana rasiɗinsa, a buɗe kwalin a duba tun ba a fita daga zauren karɓar kaya ba, a cike takardar rahoto a teburin kamfani nan take. Diyya dai ba za ta dawo da gasar da aka rasa ba, shi ya sa isa garin kwana biyu kafin a fara ya fi isa ana gobe, ko da kuɗin masauki zai ƙaru.

Inda lissafin yaron ya tsaya

Da muka gama awo, kawun ya tambaye shi a wane wasa ya fi ƙarfi. Ya ce gwaninta da tseren fili, dogon zango sha'awa ce kawai, bai taɓa yin kilomita 42 ba. Kawun ya ce, "To ɗana, mayar wa abokinka babbar." Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya amsa da to. Mai inci 20 za ta shiga akwatinsa da tufafi. Mai inci 24 kuma mun samo mata kwalin firji a wurin masu sayar da kayan lantarki, muka yanka shi 63 da 63 da 28, jimilla 154, muka bar santimita huɗu saboda kumburin salatif da ledar da za a naɗe shi da ita a filin jirgi. An koma wurin ajan a sake lissafi kan akwati biyu, ba ƙunshi na uku, ba cajin girma, an kuma roƙe shi ya nemo amsar kamfani a rubuce. Takardun biza su ne aikin wannan makon, Baba kuma ya ce shi zai riƙe littafin gudummawar.